Salamandar Jackson: Dabbar da Ke Numfashi da Fata

Duk wanda ya ga salamanda zai ce ƙadangare ne, ga ƙafa huɗu ga doguwar jela. Amma ita dangin kwaɗo ce, jikinta sumul mai laima, ba ɓawo. Babu ita a Afirka kudu da Sahara, shi ya sa Hausa ba ta yi mata suna ba.

A 1975 wasu ɗalibai biyu daga Amurka, Paul Elias da Jeremy Jackson, suka gano wani irinta a tsaunukan Cuchumatanes na ƙasar Gwatemala. Ruwan ɗorawa ce, da baƙin zane a gadon baya, aka kuma sa mata sunan Jackson. Daga nan ba a sake ganinta ba sai bayan shekara 42.

Sirrin ƙarancinta yana jikinta. Ita da makusantan danginta cikin salamandoji ba su da huhu. Iska tana ratsa fatarsu da cikin bakinsu ta shiga jini, kuma hakan ba ya yiwuwa sai fatar tana jiƙe. Ba su kuma buƙatar kududdufi kamar kwaɗo: a wuri mai danshi suke saka ƙwai, ɗan ya fito da cikakkiyar siffa ba tare da ya zama talibambam ba. Saboda haka rayuwarsu duka ta rataya ga dajin tsauni, inda gajimare ke sauka cikin itatuwa, gansakuka ta sha raɓa. Idan aka sare dajin don noman kofi ko itacen girki, rana ta shigo, ƙasa ta bushe, numfashi ya gagara.

A 2015 ƙungiyar FUNDAECO ta Gwatemala da wasu ƙungiyoyin waje suka sayi wani yanki mai suna Finca San Isidro suka mai da shi gandun da ba a sara. Aka ɗauki mutanen yankin gadi, aka nuna musu hoton dabbar da inda take ɓuya. A Oktoban 2017 ɗaya daga cikinsu ya hango ta a gefen gandun, ya ɗauki hotonta.

Abin lura shi ne, an killace dajin ne tun ba a da tabbacin tana raye, domin kare wasu salamandoji biyu. Inuwar da aka bar musu ita ma ta fake a cikinta.