Darussan zane na kyauta a intanet: yadda za su isa hannun yaranmu a Tamanrasset

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ɗalibina ya miƙo mini waya bayan an tashi daga aji. A fuskarta akwai zanen raƙumi da mai jan akalarsa, ga duwatsun Ahaggar a bayansu. Da yatsa ya yi shi, a wayar yayansa wadda gilashinta ya tsage. Na tambaye shi wa ya koya masa, ya ce wani bidiyo ya gani sau ɗaya, da Ingilishi ake magana a ciki, kuma kafin ya kai ƙarshe data ta ƙare. Sai ya ce: "Malam, wai gaskiya ne sai mai kuɗi ke iya koyon wannan aikin?"

Ba gaskiya ba ne. Kayan aikin da darussan suna nan kyauta. Sai dai abin da yake kyauta ga yaron da ke Faris ba lalle ya zama kyauta ga ɗan Bahaushen da ke Tamanrasset ba, kusan kilomita 2000 kudu da Alje, babban birnin Aljeriya. Abu uku ke tare masa hanya: harshe, kuɗin data, da rashin sanin abin da aka yarda a kwafa a raba. Haka lamarin yake ga ƴan uwanmu na Arlit, Sabha ko Kumasi.

Manhajojin da ba a saye

Yawancin matasa sunan Photoshop suka fara ji. Ita kuwa biyan kuɗi ake yi wata-wata, kuma katunan banki na cikin gida irin su Edahabia da CIB ba a biyan kamfanonin waje da su. Shi ya sa da yawa ke neman ta sata. Banza ba ta kai zomo kasuwa: irin wannan manhaja takan zo da ƙwayar cutar da za ta lalata kwamfuta ko ta kwashe bayanan mutum.

Ga masu kwamfuta, akwai uku da masu su suka sake wa kowa, ya sauke, ya yi aiki, ya ba wani. Krita an gina ta ne don masu zane da fenti. GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, ta fi ƙarfi wajen gyaran hoto. Inkscape, da ta fito a 2003, ita ce ta tambarin kamfani da allon shago. Duk ukun ana iya juya su zuwa Faransanci, kuma da zarar an saka su ba sa neman intanet.

Ga mai waya kaɗai, ibisPaint X ta ƙasar Japan ta fi yaɗuwa. Kyauta ce amma tana da talla. Tana naɗe duk matakan da mai zane ya bi, ta mayar da su gajeren bidiyo. Wato kowane zane da ka gama ya zama darasi ga na bayanka.

Abu uku da sabon shiga zai fara sani

Na farko shi ne shimfiɗu, abin da Faransanci ke kira calques. Ka ɗauka takardu ne masu shara-shara da aka jera bisa juna: zanen farko a ɗaya, baƙin layi a ta biyu, launi a ta uku. Idan launin riga bai yi maka ba, ka goge shi kaɗai, fuska ba ta taɓu ba. Wanda ya gane wannan ya yi rabin tafiya.

Na biyu, zane iri biyu ne. Krita, GIMP da ibisPaint suna tara ƙananan ɗigo ne su zama hoto, don haka idan aka ja shi ya yi girma sai ya dushe. Inkscape kuwa da lissafin layi take aiki, tambari ɗaya zai hau katin ɗaurin aure ya kuma hau ƙofar shago bai lalace ba. In za a buga zanen ɗigo a takarda, a fara shi da ɗigo 300 a kowane inci tun daga farko, don ba ya gyaruwa daga baya.

Na uku namu ne mu kaɗai, ba za ka ji shi a darasin Bature ba: haruffa masu ƙugiya. Salon rubutu da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a tsakiyar kalma. Noto Sans na Google, da Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duk suna da su, kuma kyauta ne. Mai son ajami ya nemi Alkalami, wanda SIL ta tsara bisa rubutun Kano. Mai aiki da maƙwabtanmu Buzaye zai samu Noto Sans Tifinagh.

Ina darussan suke?

Ga masu jin Faransanci, misali mafi kyau shi ne David Revoy, wani mai zane Bafaranshe. Tun 2014 yake fitar da labarin zane mai suna Pepper&Carrot da manhajojin kyauta, musamman Krita. Yana sakin darussa, kuma yana sakin ainihin fayilolin aikinsa da shimfiɗunsu, ta yadda ɗalibi zai buɗe ya ga yadda aka gina shafi tun daga tushe. Masu jin Ingilishi suna da Ctrl+Paint na Matt Kohr, mai gajerun bidiyoyi jere da juna, da Drawabox, wanda ke horar da hannu da alƙalami da takarda kafin a taɓa na'ura. Inkscape kuma tana ɗauke da nata darussa a ciki, a sashen taimako, ana karanta su ba intanet.

Kallo daban, izinin rabawa daban

Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Bidiyon da ke YouTube kyauta ne a kalla, amma galibinsu masu su ba su ba da izinin a kwashe a sake ɗorawa a wani shafi ba. Wanda ya yi haka ya shiga haƙƙin mai aiki, kuma ana iya rufe masa shafi. Dokar haƙƙin mawallafi tana aiki a ƙasashenmu: Aljeriya tana da hukumar ONDA, Nijar tana da BNDA.

Mafita ita ce alamar Creative Commons, tsarin izini da aka kafa a Amurka a 2001. Idan ka ga CC BY, an yarda ka kwafa, ka fassara, ka sauya, har ka sayar, muddin ka ambaci sunan mai aikin da irin izinin. Idan an ƙara NC, ban da kasuwanci. Idan an ƙara ND, ka raba shi yadda yake, kada ka raba wanda ka sauya, kuma fassara ma sauyi ce. Pepper&Carrot a ƙarƙashin CC BY yake, shi ya sa masu sa kai suka juya shi zuwa harsuna da dama. Darasin da ba shi da irin wannan alama, ka tura adireshinsa, ko ka koya ka yi naka bayanin da bakinka da zanenka. Ilimin da ka ɗauka naka ne, bidiyon ne na mai shi.

Yadda za a rage kuɗin data

Abin da nake yi da ɗalibaina da wasu abokai masu zane ba shi da wuya. Mutum ɗaya ke sauke abu inda ya samu intanet mai ƙarfi, saura su karɓa ta katin ajiya, kebul ko Bluetooth. Wanda ya fi jin harshen darasin ya naɗi bayaninsa da Hausa, na minti biyu ko uku, ya tura a WhatsApp tare da hotuna huɗu ko biyar na matakan. Wannan ya fi dogon bidiyo sauƙin sauka a ƙaramar waya. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya karɓi darasi zai dawo da zane cikin mako, ko da mummuna ne, a duba tare. Kallo kaɗai bai taɓa koya wa kowa zane ba.

Kati ɗaya yana iya bin motar da ke ratsa In Guezzam da Assamaka ya kai Arlit da Agadez. Hanyar da waƙoƙi da finafinan Kano suka bi suka same mu nan, darasi ma zai iya bin ta.

To me za a zana?

Wasu iyaye kan tambaye ni hukuncin zana mai rai. Wannan magana ce ta malamai, kowa ya koma ga wanda ya yarda da shi. Abin da nake gaya musu shi ne fagen yana da faɗi. Akwai dagin arewa, akwai aska takwas ta babbar riga, akwai zayyanar allo da adon bangon gidajen Birni a Damagaram da na Zariya. Duk waɗannan layi ne da daidaito, irin aikin da Inkscape ta fi iyawa, kuma su masu shago da masu biki ke biya a yi musu.

Zane ba baƙo ba ne a wannan hamada. A Tassili n'Ajjer, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1982, akwai zane da sassaƙa fiye da 15,000 a jikin duwatsu. A Dabous, tsakanin Agadez da Arlit, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa mai tsawon fiye da mita 5.

Babbar buƙatar kuwa tana cikin gidajenmu. Yaranmu a nan da Larabci da Faransanci suke karatu, Hausa a baki kawai take, da yawa ba su taɓa riƙe littafin Hausa mai hoto ba. Shafukan African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna ba da littattafan yara da izinin a fassara a buga, har da na Hausa, kuma kowa yana iya saka nasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hoton da yaron Tahaggart ko Gataa El Oued zai kalla ya gane unguwarsu, da kasuwar Assihar, da tukunyar shayin babansa.

Ɗalibin nan nawa yanzu yana kan shafi na shida na tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a wayar nan dai mai tsagaggen gilashi. Na ce masa idan ya gama ya sa sunansa a ƙasa da alamar CC BY, ya kuma ajiye bidiyon matakan. Akwai yara biyu a ajin ƙasa da ke jiran ya tura musu.