MAI CIKI DA MAKANTAR KOGI

Bayani ga hakimai da malaman ofis na ƙasar Yauri, Ngaski da Shanga

Makantar kogi wata tsutsa ce ke haddasa ta, baƙin ƙuda kuwa shi ke ɗaukar ta daga jikin wani zuwa wani. Ƙudan nan ba ya hayayyafa sai a ruwa mai gudu bisa duwatsu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 tafki ya haɗiye irin wannan ruwa a Kwara, amma rafukan da ke zubowa cikinta ba su daina gudu ba.

Uwar tsutsar takan kwanta cikin ƙululu a ƙarƙashin fata, tana iya kai shekara 15 tana haifar 'ya'ya. 'Ya'yan nan su ke kawo ƙaiƙayi, su ke shiga ido su ɓata shi sannu a hankali. Ƙwayar Mectizan, wadda aka fara bayarwa kyauta a 1987, 'ya'yan take kashewa, ba ta kashe uwar. Saboda haka aka riƙa rabon ta kowace shekara.

To, a nan maganar mata ta shigo. Ƙa'idar rabo ta hana a ba mai ciki, da wadda ba ta cika kwana 7 da haihuwa ba. Macen da rabo ya iske ta da ciki sai a tsallake ta, 'ya'yan tsutsa su sāke taruwa, ƙaiƙayi ya komo, ido ya yi hazo. Mutane sukan ce ciki ne ya ta da cutar, alhali kuwa fashin magani ma yana da hannu a ciki. Matar da ta haihu 6 ko 7 cikin shekarun rabo tana yiwuwa an tsallake ta sau da yawa, mijinta kuwa bai yi fashi ba ko ɗaya.

Akwai kuma sha'anin kunya. Yarinya mai cikin fari ba za ta faɗa wa namiji mai rabo a bainar jama'a ba, sai ta karɓa ta haɗiye. Likitoci sun bi sawun irin waɗannan, ba su ga ƙarin ɓari ba, amma shaidar ba ta kai a soke ƙa'idar ba.

A 2022 aka buga rahoto cewa an katse yaɗuwar cutar a jihohin Kebbi, Kaduna da Zamfara. Wannan abin murna ne, sai dai bai nuna kowane jiki ya tsarkaka ba. Lalle hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni, ta bakin ungozoma, su nemo matan da ke da ƙululu, ko ƙaiƙayi mai naci, ko raunin gani, a rubuta sunansu a tura su asibiti. Mai ciki a duba idonta, amma magani sai abin da likita ya ce. Kada a ɗiga mata kome a ido a gida, gama ba kowane ciwon ido ne na tsutsa ba.