Kiwon murjani a Gusau, nesa da teku

Mai kiwon tarwada a Bungudu ko Tsafe ruwan rijiya ya ishe shi. Mai son rayayyen murjani a akwatin gilashi kuwa sai ya haɗa ruwan tekunsa da kansa: tataccen ruwa da gishiri na musamman, kimanin giram 35 a kowace lita. Gishirin miya ba ya yi.

Bayan an zuba ruwan, akwatin zai yi mako 4 zuwa 6 babu kifi, har bakteriya masu cinye ammoniya su kama duwatsun da aka sa a ciki.

A Gusau zafi ne babbar matsala. Murjani na son digiri 24 zuwa 26, bazara kuwa takan kai 40. Dole a tanadi na'urar sanyaya ruwa, da sola mai batir don injin juya ruwa ya kwana yana aiki.