Karatun injiniya a Zariya: jami'a ko kwalejin fasaha?

A duk shekara idan lokacin rajistar jarrabawar JAMB ya zo, iyaye a unguwar Gyallesu da ke Zariya kan shiga tunanin inda ya dace 'ya'yansu masu son zama injiniyoyi su nema.

Makarantun dai ba su yi musu nisa ba. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, wadda tsangayarta ta injiniya ke Samaru, akwai kuma Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli, mallakar jihar Kaduna.

To sai dai hanyoyin biyu ba wuri guda suke kaiwa ba.

A jami'a, ɗalibi kan shafe shekara 5 kafin ya sami digiri. A kwalejin fasaha kuwa, shekara 2 ce ta ƙaramar difloma, shekara 1 ta koyon aiki, sannan shekara 2 ta babbar difloma.

Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin sa ido kan aikin injiniya a Najeriya, kan yi wa mai digiri rajista a matsayin injiniya, mai babbar difloma kuma a wani rukuni na daban.

Kafin a biya ko sisin kwabo, ya kamata iyaye su tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin, wato NUC a jami'a, ko NBTE a kwalejin fasaha. Rashin wannan amincewa na iya hana ɗalibi tafiya bautar ƙasa bayan ya gama wahalar karatu.