Daga Accra zuwa Ankasa: Abin da ke jiran matafiyi a hanyar gaɓar tekun Ghana

Duk wanda ya bar Accra da mota ya nufi yamma, sai ya tsaya a Kasoa ko yana so ko ba ya so, saboda cunkoson ababen hawa. Sunan garin ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin daga kalmar "kasuwa" ya samo asali.

Daga nan babbar hanyar N1 ke bin gaɓar Tekun Atlantika har zuwa Elubo, kan iyakar Ghana da Kwaddibuwa. Tafiya ce ta kimanin kilomita 350 daga Accra, wadda direba zai iya kammalawa a yini guda.

Mai yawon buɗe ido kuwa yana buƙatar kwana huɗu ko biyar. A kan wannan hanya ne ake samun tsofaffin gidajen bayi, da garuruwan masunta, da ragowar kurmin da ya taɓa lulluɓe kudancin ƙasar. Kifin tekun da kogunan da dajin duk suna cikin matsi, kuma ana ganin hakan tun daga tagar mota.

Winneba da abincin hanya

Zangon farko shi ne Winneba, garin ƙabilar Effutu mai jami'ar horar da malamai. A Asabar ta farko ta watan Mayu suke bikin Aboakyer, inda ƙungiyoyi biyu na matasan gari ke shiga daji suna gasar kamo mazo da ransa, ba tare da bindiga ba.

Batun abinci ba zai wahalar da baƙo ba. Da safe akwai koko da ƙosai, wanda 'yan Ghana da kansu ke kira "Hausa koko". Akwai kuma waakye, wato shinkafa da wake, sunan da shi ma daga Hausa ya fito. A mahaɗar Yamoransa, kusa da Cape Coast, mata na jere a bakin titi da dokunun Fante da aka naɗe cikin busasshen ganyen ayaba.

Kusan kowane babban gari a hanyar yana da unguwar zango, inda ake jin Hausa, ake samun masallaci da naman da Musulmi ya yanka.

Gidajen bayi biyu

Cape Coast na da nisan kimanin kilomita 150 daga Accra, kuma ita ce hedikwatar mulkin mallakar Birtaniya a ƙasar kafin a mayar da ita Accra a 1877. Farin sansanin da ke bakin tekun garin, 'yan Suwidin ne suka fara gina shi a 1653, daga baya ya koma hannun Ingilishi.

Jagora kan fara saukar da baƙi cikin kurkukun maza da ke ƙarƙashin ƙasa. Ɗakuna ne masu duhu da ɗan ƙaramin rami a sama don iska, inda ake cusa ɗaruruwan mutane na tsawon makonni suna jiran jirgin ruwa. A saman wannan kurkuku aka gina cocin da Turawan sansanin ke ibada. Ana ƙare zagayen ne a ƙofar da ake kira "ƙofar da ba a dawowa", wadda ke buɗewa kai tsaye ga teku. Tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya tsaya a nan da iyalinsa a 2009.

Kimanin kilomita 12 gaba akwai Elmina, inda 'yan Fotugal suka gina sansaninsu a 1482. Shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. 'Yan Holan sun ƙwace shi a 1637, sannan ya koma hannun Birtaniya a 1872. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a kai shi gudun hijira. Hukumar UNESCO ta sanya sansanonin gaɓar Ghana cikin wuraren tarihi na duniya a 1979.

Wannan tarihi ya shafi arewa ma. Da yawa daga cikin waɗanda aka sayar a gaɓa daga can aka tiso ƙeyarsu, ta kasuwanni irin su Salaga, garin da fataken Hausawa ke zuwa sayen goro. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi daga Cape Coast, akwai rafin da ake yi wa bayi wanka na ƙarshe kafin a kai su bakin teku. A 1998 aka dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka binne su a wurin.

Kwale-kwale da yawa, kifi kaɗan

Daga saman sansanin Elmina ana hango tafkin Benya cike da kwale-kwale masu fenti kala-kala da tutoci. Da sassafe masunta ke dawowa, mata kuma na jira da manyan kwanoni don saye su kai wurin banda. Ranar Talata ba a shiga teku, bisa al'adar masuntan yankin.

Hoton yana da kyau, amma kamun ya ragu. Ƙananan kifayen da talaka ya dogara da su sun yi ƙaranci sosai a tekun Ghana. Cikin dalilan akwai yawan kwale-kwale, da kamu da fitila cikin dare, da wani haramtaccen ciniki da ake kira saiko, inda manyan jiragen kamun kifi suka riƙa kwashe ƙananan kifaye su daskarar, su sayar wa 'yan kwale-kwale a tsakiyar teku. Wannan ne ya sa a shekarun nan gwamnati ta riƙa sanya lokacin da ake dakatar da kamu don kifin ya hayayyafa.

Kakum: tafiya a saman bishiyoyi

Gandun dajin Kakum na da nisan kimanin kilomita 30 arewa da Cape Coast. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 375. An keɓe shi tun 1931, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1992.

Abin da ke jan jama'a shi ne gadar igiya da aka buɗe a 1995. Gadoji bakwai ne da aka ɗaure a jikin manyan bishiyoyi, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, kuma a wani wurin mutum na rataye kusan mita 40 daga ƙasa. Faɗin katakon da ake takawa bai wuce na mutum ɗaya ba, kuma yana lilo da kowane taku. Mai tsoron tsayi na iya yanke tafiyar ta gajeriyar hanya.

Dajin na da giwayen kurmi, da birai iri-iri, da tsuntsaye fiye da nau'i 250. Sai dai wanda ya zo da tsakar rana cikin hayaniyar 'yan makaranta da wuya ya ga dabba. Masu son ganin tsuntsaye da birai kan iso da sassafe, ko su kwana a dajin tare da jagora.

Gonakin koko da na rogo sun kewaye Kakum ta kowane ɓangare. Giwaye kan fito su yi ɓarna a gona, har manoma suka koyi rataya tsummokara da aka shafa wa barkono da baƙin mai a kan igiya don korar su.

Kogunan da suka sauya launi

A Beposo, kafin Takoradi, hanya ke tsallake Kogin Pra. Ruwansa ya koma launin kunun kanwa saboda haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, abin da 'yan Ghana ke kira galamsey. Haka Kogin Ankobra da ke kusa da Axim yake. Laka da sinadaran da masu haƙar ke zubawa sun sa tace ruwan sha ya ƙara tsada da wahala a garuruwan da suka dogara da kogunan.

Takoradi, mai tashar jiragen ruwa tun 1928, ta bunƙasa bayan gano mai a tekun yankin a 2007. A nan ya kamata a sha mai a kuma ciri kuɗi, domin gaba garuruwan ƙanana ne.

Nzulezo da Ankasa

Bayan Axim, a ƙasar Nzema inda aka haifi Kwame Nkrumah, akwai garin Beyin. Daga nan ake hawa kwale-kwale, tafiyar kusan awa guda cikin fadama, zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka gina kacokan a kan ruwa bisa turakun itace. Titinsu guda ne, na katako, yara kuma tun suna ƙanana suke koyon tuƙi. Gidajen mutane ne, don haka neman izini kafin ɗaukar hoto wajibi ne.

Zangon ƙarshe shi ne dajin Ankasa kusa da Elubo, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 500, wanda ya haɗa da gandun Nini-Suhien. Yankin ya fi ko'ina samun ruwan sama a Ghana. Baƙi ba su da yawa kamar a Kakum, kuma hanyoyin ciki na buƙatar mota mai ƙarfi. A cikinsa akwai wurin da gora ta yi tsayi ta haɗe a sama kamar rufin soro.

Kafin a kama hanya

Mai tasowa daga Najeriya ta ƙasa zai bi Legas, Seme, Kwatano, Lome da Aflao. 'Yan ƙasashen ECOWAS ba sa buƙatar biza don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba, amma ana neman katin rigakafin shawara.

Nuwamba zuwa Maris ne lokacin da ruwan sama ya fi sauƙi. Tuƙin dare a N1 na da haɗari saboda manyan motoci. Igiyar ruwa a wannan gaɓa na da ƙarfi, don haka kada a shiga wanka sai inda 'yan gari suka nuna.

Ana biyan kuɗin shiga da Sidi, kuma na baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Jagorori da masu tuƙa kwale-kwale galibi 'yan ƙauyukan kewaye ne, kuma a garin da kifi ya ragu ko giwa ta cinye gona, abin da suke samu daga baƙi na cikin dalilan da ke sa su ga amfanin barin dajin a tsaye.