Kirsimeti a Kudancin Kaduna: Taro Ya Ƙaru, Sujadar Dare Ta Ragu

Daga tsakiyar watan Disamba hanyoyin da ke shiga Kafanchan suke fara cika. Motocin Abuja na biyowa ta Kwoi, na Kaduna ta Kachia da Zonkwa, na Jos kuma su gangaro ta Manchok ko Gidan Waya, kowace ɗauke da buhun shinkafa, jarkar mai da yaran da aka haifa a birni, waɗanda wasunsu ba su taɓa kwana a ɗakin kakarsu ba. Kirsimeti ta zama lokacin komawa gida mafi girma a yankin, kuma kowace shekara hidimominta ƙaruwa suke yi. Amma a daidai wannan lokaci wani abu yana raguwa: sujadar dare, wadda a da ita ce zuciyar bikin.

Ga Kirista, ma'anar ranar a fili take. Allah ya ɗauki jikin mutum, aka haifi Yesu Almasihu a Baitalami cikin talauci, aka kwantar da shi a komin dabbobi. Wannan labari ya iso yankin ta hannun 'yan mishan na SIM, waɗanda suka kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya suka zauna a Kagoro, inda aka haɗa ikilisiyoyinsu a 1954 suka zama ECWA. Jirgin ƙasa, da ya mayar da Kafanchan babbar mahaɗa a shekarun 1920, ya kawo ma'aikata daga kudu tare da majami'unsu. Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sai Atyap da Bajju da Ham da Agworok da Fantswam suka samu harshe ɗaya na sujada. Kuma bikin ya faɗo a kan kaka, bayan an yanke acha, an kai dawa rumbu, ana haƙar citta. Shi ya sa tun farko Kirsimetin ƙauye ta haɗu da godiya: mata 'yan Zumunta cikin zane iri ɗaya suna rawa zuwa gaban majami'a da kwaryar hatsi a ka, tulun kiɗa da caki suna amsa musu.

Me ya kumbura bikin haka? Babban dalili shi ne ƙaura. Makarantun mishan sun yaye malamai, sojoji, ma'aikatan jinya da na gwamnati, aikin kuma yana birni. Hutun da kowa ke samu tare shi ne na ƙarshen shekara, don haka duk abin da ke bukatar taron dangi sai a tura shi can: ɗaurin aure, taron ƙungiyar ci gaban gari, sulhun rikicin gona, tunawa da mamaci. Bukukuwan gargajiya ma sun biyo sahu. Afan na Kagoro, wanda asalinsa bikin tsarkake dutse da buɗe farauta ne, an mayar da shi 1 ga Janairu a zamanin Sarki Gwamna Awan, yanzu kuma dubban baƙi ke halartarsa. A Disamban 2023 aka ƙara da bikin al'adun Kudancin Kaduna a filin wasa na Kafanchan.

Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. Baikon mako guda yakan rufe majami'ar da ta shekara ba kwano, gwauraye su samu turmin atamfa, yaron Abuja ya ji yadda ake gaisuwa da harshen Tyap ko Jju. Amma akwai asara, fastoci da limaman Katolika kuma ba sa ɓoye ta a wa'azi. Makonni huɗu na shirin zuwan Almasihu, da aka keɓe don tuba da natsuwa, sun koma makonnin ɗinki da rabon katin biki. Mutum ya ci bashi don kada a ce ya dawo hannu rabbana. Matasa da yawa sun fi sanin hanyar gidan burkutu a kan ta majami'a a ranar 25. Shekarar 2023 ta tona asirin wannan nauyi, domin a cikinta aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, cutar ruɓewa kuma ta cinye gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da kewaye. Manomin da cittarsa ce kuɗin shinkafa da naman Kirsimeti ya tashi babu komai.

Dalilin raguwar sujadar dare kuwa ya fi ciwo. A jajiberin Kirsimetin 2016 'yan bindiga suka afka wa Goska, kusa da Kafanchan, alhali an sa dokar hana fita ta awa 24 a Jema'a, Kaura da Zangon Kataf. A Disamban 2017 aka buɗe wuta kan masu waƙoƙin Kirsimeti a Nindem. Ranar 18 ga Disamba 2022 aka kashe mutane da dama a Malagum da Sokwong, aka yi musu jana'izar bai ɗaya kwanaki kaɗan kafin bikin. Bayan irin waɗannan, majami'u da yawa a ƙauyuka sun dawo da sujadar tsakar dare zuwa yamma, zagayen waƙa gida gida da fitila ya ragu, wasu samari kuma suna yin sujadar a tsaye bakin ƙofa suna gadi, kunne ɗaya ga wa'azi, ɗaya ga daji.

Sai dai tsoron bai kashe ma'anar ba, ya sauya inda take zaune. Sashen labarin da a da ake wucewa da sauri, wato kisan jarirai da Hirudus ya yi da gudun Yusufu da Maryamu zuwa Masar, yanzu shi ne mai taɓa zuciya. Matar da ta kwana a ajin firamare da goyo bayan an ƙone ƙauyensu ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kai. Ranar 28 ga Disamba, da Katolika ke tunawa da waɗannan jarirai, ta samu nauyin da ba ta da shi a da. Marigayi Bishop Joseph Bagobiri, wanda ya jagoranci Diyosis ɗin Kafanchan daga 1995 har rasuwarsa a 2018, ya shahara da faɗin wannan ciwo a fili.

Nan kuma jarrabawa mafi wuya take. A Bisharar Luka, makiyaya ne suka fara jin albishir, kuma albishirin na salama ne. Mai wa'azin da ya karanta wannan a yankin da rikicin manoma da makiyaya ya bar kaburbura dole ya zaɓa: ko ya bar fushin jama'a ya zama wa'azinsa, ko ya nemi adalci ga waɗanda aka kashe ba tare da ya ɗora laifin 'yan bindiga a kan kowane Bafulatani ba. Na biyun ya fi wahala, shi ne kuma ya dace da ranar.

A cikin garin Kafanchan har yanzu akwai gidajen Kirista da ke aika kwanon shinkafa da naman da Musulmi ya yanka ga maƙwabtansu Musulmi, su ma su samu nasu da Sallah. Amma rikicin 1987, wanda ya taso daga Kwalejin Ilimi, da na bayan zaɓen 2011 sun raba unguwanni, har yaran da ake aika da kwanon sukan yi tafiya mai nisa kafin su kai shi. Dattawa ne suka fi riƙe al'adar, domin su ne suka yi makaranta da kasuwa tare. Matasan da suka taso bayan rabuwar, da yawansu ba su da abokin da za su kai wa.