Hausawan Makka da Jidda da Gwanayen da Suka Zo Cin Ƙungiyoyinsu

Ranar 9 ga Fabrairu 2023 Al-Nassr ta Riyad ta je Makka ta kara da Al-Wehda a filin wasa na Sarki Abdul'aziz da ke Shara'i, can wajen iyakar Harami. Aka tashi huɗu da nema, kuma Cristiano Ronaldo ne ya ci duka: biyu kafin hutun rabin lokaci, biyu bayan an dawo, ɗaya daga ciki da bugun fenareti. Kwana huɗu ke nan da cikarsa shekara 38, kuma a daren ne ƙwallayen da ya ci a wasannin lig suka haura 500. Da aka tashi ya ɗauki ƙwallon, alƙalin wasa ya sa masa hannu a kai, ya yi gaba da abarsa. Idan hirar tamaula ta ɓarke tsakanin Hausawan Makka, aka zo kan gwanin da ya fi kowa cikin waɗanda suka zo cin ƙungiyar garin, da wuya a rasa mai ambaton wannan dare.

Amma kafin a ce wane ne abokin hamayya, sai an san ɓangaren da mutum yake, kuma Hausawan Hijaz ba tafiyarsu ɗaya ba. Akwai jikokin alhazan da suka keto Chadi da Sudan a ƙasa, wasunsu tun hijirar da ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Waɗannan 'yan ƙasa ne, Larabci ya fi Hausa zama a bakin da yawansu, ƙungiya kuwa gadonta suka yi kamar yadda ɗan Fagge yake gadon Kano Pillars. Daga cikinsu aka sami Osama Hawsawi, haifaffen Makka, wanda ya taso a Al-Wehda har ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018, inda masu sunan Hawsawi har uku suke cikin tawagar. Sai kuma 'yan baya-bayan nan: ɗalibai, direbobi, teloli, masu hidimar alhazai, waɗanda suka sauka da Real Madrid ko Barcelona ko Manchester United a zuciya, soyayyar da aka ƙulla a gidan kallo a Kano ko Maraɗi.

Wannan rukuni na biyu shi ne ya shiga tsaka mai wuya. Mutum ya yi shekaru yana musu a kan Ronaldo har muryarsa ta dushe, ya zo Jidda ya bi maƙwabta ya koma Al-Ittihad, sai ga Ronaldon ya shigo filin Jauhara da rigar Al-Nassr, dubban mutane suna yi masa ihun sunan Messi don su tsokane shi. Ya bi sahu ne, ko ya ciro waya ya ɗauki hoto? Yawanci wayar ce take cin nasara, don akwai 'yan'uwa a gida masu jiran shaida. Magoyin bayan Real Madrid ma ya ga irin wannan a Janairun 2020, lokacin da aka kawo kofin Super na Sifaniya Jidda: ya ga Messi da idonsa ya ci ƙwallo, ya kuma ga Atletico ta fitar da Barcelona da ci 3 da 2. Daɗi biyu a tikiti ɗaya.

Abin da wanda ya shiga fili yake riƙe da shi, wanda na gidan kallo ba shi da shi, shi ne abin da kyamara ba ta bi. Talabijin ƙwallo take bi. Wanda ke kan benci yana iya ƙyale ƙwallon ya zuba wa mutum ɗaya ido minti goma. Ta nan ake gane cewa Ronaldo na yanzu tafiya yake yi a yawancin wasa, yana tsaye a kafaɗar mai tsaron baya na ƙarshe, yana ɗaga hannu, yana yi wa abokan wasansa faɗa. Sai a ga ya ja da baya taku biyu kamar wanda ya haƙura, mai tsaron nasa ya juya kai ya dubi ƙwallo, kafin ya waiwayo mutumin ya riga ya shige. A talabijin sai a ce sa'a ce ta kawo masa ƙwallo ƙafa.

Duk da haka, in za a tambaye ni, ba Ronaldo ne ya fi cancantar kuɗin tikiti ba. N'Golo Kante ne, a zamansa na Al-Ittihad, inda ya zo a 2023 tare da Karim Benzema, suka ɗauki lig a 2025. Ronaldo ko a allo an san Ronaldo ne. Kante kuwa rabin aikinsa a wajen allo yake yin sa. Magoyin bayan Al-Ahli ko Al-Wehda da ya zauna a sama yana ganin 'yan wasansa sun sami hanya, har ya fara miƙewa, sai ga wani gajeren mutum ya riga ya tsaya daidai inda za a miƙa ƙwallon. Bai yi ƙeta ba, bai yi gardama da alƙali ba, ya ƙwace ya bayar ya koma wurinsa. Irin wannan abokin hamayya ko haushinsa ba a iya ji yadda ya kamata.

Tsofaffin 'yan kallo kuma ba sa son a yi kamar tamaula ta fara ne a Saudiyya ranar da Ronaldo ya sauka. Magoyin bayan Al-Ittihad da ya daɗe a Jidda zai fi saurin ambaton Omar Al-Somah, ɗan Siriya na Al-Ahli, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a lig kaka uku a jere daga 2015 zuwa 2017, bugun tazararsa kuwa ba a magana. Wani zai kawo Salem Al-Dawsari na Al-Hilal, wanda Hijaz ta sha wuya a hannunsa tun kafin duniya ta san shi da ƙwallon da ya ci Ajantina a Qatar a 2022. Wani kuma Abderrazak Hamdallah ɗan Maroko, mai ƙwallo 34 a kakar 2018 zuwa 2019, tarihin da sai a 2024 Ronaldo ya karya da 35.

A wannan kakar ta Hamdallah ne aka yi abin da ya fi taɓa Bahaushe. Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya baro Leicester ya zo Al-Nassr a Agustan 2018, makonni bayan ƙwallaye biyun da ya ci Iceland a gasar cin kofin duniya a Rasha, kuma da shi aka ɗauki lig ɗin. Ga Bahaushen Jidda ko Makka, wannan abokin hamayya ne a takarda kawai. Addu'ar da ake yi a irin wannan rana sananniya ce: namu ya ci, ƙungiyarmu ta yi nasara. Ba kasafai ake samun duka biyun ba.

Ba kowa ne yake kaiwa ga filin ba, wannan ma dole a faɗa. Tikiti yanzu ta manhajar waya ake saye, na manyan wasanni kuma nan da nan yake ƙarewa. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ba ta cika ba ba zai kai kansa inda jami'an tsaro suka yi cincirindo ba, ko da Messi da Ronaldo za su haɗu a ƙungiya ɗaya. Direban gida ba shi da ikon darensa. Mata kuwa sai a Janairun 2018 aka fara barin su shiga, a wasan Al-Ahli da Al-Batin a Jidda. Saboda haka Bahaushe yana iya shekaru a garin da Benzema ya taka leda, amma kallonsa a waya yake yi, daidai da ƙaninsa na Kurna.

Mutanen Makka ma abin ya yi musu nisa. Al-Wehda, wadda Odion Ighalo ya koma a 2023, ta faɗa rukuni na biyu a 2025, kuma manyan ƙungiyoyi ba sa zuwa wasan lig gidan wadda ta faɗi. Mai son ganin gwanaye sai ya nemi mota ko jirgin ƙasa na Haramain zuwa Jidda, ya zauna cikin magoya bayan wata ƙungiya, ya dawo gida bayan tsakar dare.